Thrash, punk, hardcore: wai ba duk hayaniya ɗaya ba ce?

Tambaya: Salam. Abokina da ke karatu a waje ya turo min sabon albam na wasu 'yan thrash metal, wai sun haɗa shi da punk da hardcore. Na sa a kunne na ji, wallahi kamar ina tsakiyar Panteka ana dukan ƙarfe. Meye bambancinsu, kuma wannan haɗin sabon abu ne? Daga Barnawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar Pantekan nan ta ban dariya, kuma ba ka yi nisa ba tunda metal ɗin ma ƙarfe yake nufi.

Haɗin dai ba sabo ba ne, ya girmi da yawa cikin masu yinsa yanzu. Punk ne babba, Ramones na New York sun fitar da albam na farko a 1976, Sex Pistols na Landan a 1977, waƙa gajera, kiɗa mai sauƙi, ba ruwansu da nuna gwaninta. Sai matasan Amurka suka ƙara masa gudu da fushi ya zama hardcore, irin su Black Flag a Kalifoniya da Minor Threat da Bad Brains a Washinton, su Bad Brains ɗin ma baƙaƙen fata ne kuma suna sirkawa da kiɗan rege, abin da ke ba mutane mamaki kenan. Shi thrash ɗan gidan biyu ne, ya ɗauki nauyi da ƙwarewar jita daga heavy metal ya ɗauki gudu daga punk. 'Yan thrash Metallica da Slayer duk a 1983 suka fara fitar da albam. To ka ga in ɗan thrash ya ce ya haɗa da punk ai gidan kawunsa ya je ziyara.

Yadda za ka raba su da kunne, fara da jita. Ɗan thrash yana ɗora gefen tafin hannun dama a kan tsirkiyar yana kaɗawa da sauri, sai sautin ya fito a daƙile, jug-jug-jug kamar janareta ya ɗau lodi, can tsakiya kuma mai jita ya ware shi kaɗai yana zuba gwaninta har minti guda ko fiye. Ɗan punk sakin tsirkiyar yake ta yi ta ƙara, kuma sau tari ba ya tsayawa wannan warewar, ya faɗi abin da ke ransa ya tafi. Hardcore kuwa alamarsa biyu ne da ba sa ɓuya: 'yan amshi, inda duk 'yan ƙungiyar za su kwatsa kalma ɗaya tare, sai wurin da kiɗan zai taka birki kwatsam ya koma a hankali da nauyi, a nan ne 'yan kallo ke ture-ture kamar an buɗe filin dambe.

Tsawon waƙa ma na tona asiri. Albam ɗin Master of Puppets na Metallica, 1986, waƙa 8 ce ta ci kusan minti 55. D.R.I., 'yan hardcore na Houston, kuwa faifansu na farko waƙa 22 ce cikin minti 18 ko kusa da haka, kafin ka gama shan shayi sun tashi. Su ɗin ne a 1987 suka sa wa albam ɗinsu suna Crossover, sunan da ake kiran wannan haɗin da shi har yau. Daga baya ƙungiyoyin Municipal Waste da Power Trip suka sake hura wutar.

Ni a ganina wanda ya iya haɗin shi ne wanda ba za ka ji ɗinkin ba. Wasu sai su yi thrash zalla na minti biyar su liƙa ihun amshi a ƙarshe su ce hardcore ne, wannan kwaskwarima ce kawai.

Ka koma kan albam ɗin abokin naka, rage ƙara kaɗan, ƙyale mai ihun tukuna, bi ganga da jita kawai a waƙa uku na farko ka duba minti nawa kowacce ta ci. Sannan ka nemo baitocin ka karanta kafin ka sa a sifika a gida, wasu kan siyasa da zaluncin 'yan sanda suke magana, wasu kuwa irin su Slayer akwai zancen jini da shaiɗan da ba za ka so Hajiya ta tambaye ka fassararsa ba.