Mun yi rajista da CAC, sai mun sake rubuta wata yarjejeniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Mu uku ne muka kafa ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa. Ni na zuba naira miliyan 6, abokina miliyan 4, ƙanin matata kuwa bai kawo kuɗi ba, amma shi ya san inji, shi ke wuni a wurin. Mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka rubuta mini kashi 50, abokina 30, shi 20. Yanzu an ce sai lauya ya rubuta mana yarjejeniyar masu hannun jari. Anya ba ɓarnar kuɗi ba ce? Ina ma jin nauyin ɗago maganar, kada su ce ban yarda da su ba.
Daga wani mai karatu a Kura, Jihar Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ba ta tilasta muku rubuta ta ba, amma ni dai shawarata ku rubuta, kuma tun yanzu da ake ga maciji. Takardun da kuka miƙa wa CAC sun faɗi kason kowa. Galibi kuwa fam ne gama-gari da ake cike wa kowane kamfani, babu ruwansa da yadda ku ukun kuka shirya.

Dubi kashi 50 ɗin nan naka. Kana ganin kai ne babba, ko? A taron masu hannun jari, ƙuduri ba ya wucewa sai da fiye da rabin ƙuri'u, manyan sauye-sauye kamar gyara dokokin kamfani kuwa sai da kashi 75. Ranar da su biyun suka haɗe kai, an yi kunnen doki ke nan. A taron daraktoci ma kawuna ake ƙirgawa, ba jari ba, biyu sun rinjayi ɗaya. To a rubuta wanda zai raba gardama, a kuma jera abubuwan da ba a yi sai da yardar kowa: cin bashin banki, sayar da inji, shigo da mutum na huɗu. Asusun banki ya zama sai da sa hannun mutum biyu.

Inda na fi jin tsoro shi ne kason ƙanin maiɗakinka. Gumi jari ne, ban musa ba, kuma ba don shi ba injin ƙarfe ne kawai a ajiye. Amma da zarar an rubuta wa mutum hannun jari ya zama dukiyarsa. In ya samu aiki a wani babban kamfanin shinkafa bayan wata shida ya tafi, kashi 20 na nan da sunansa, duk shekara sai an ba shi riba yana can. Maganinsa a rubuta cewa kason yana tabbata ne a hankali, misali kashi 5 duk shekara har shekara huɗu, in ya tafi kafin nan ya mayar da ragowar. A kuma yanka masa albashi daban da ribar ƙarshen shekara, shi ma wannan kariya ce gare shi. Ba na yi wa aurenku mugun baki, Allah Ya bar ku tare, sai dai bai kamata ɗorewar kamfani ta rataya a kan surukuta ba.

Sai mutuwa. Hannun jari gado ne, magada zai koma. Za ku iya wayar gari da abokan hulɗa goma da ba su san shanshera ba. A rubuta cewa waɗanda suka rage ne za a fara yi wa tayi, a fayyace wanda zai yi wa kason kuɗi, da tsawon lokacin biya, don kada a danne marayu. Haka ma ga mai son sayar da nasa yana raye.

Rigimar kamfani Babbar Kotun Tarayya take zuwa, shari'a kuwa ba ta sauri. Ku sa sharaɗin fara zuwa sulhu. A Kano akwai cibiyar sasanci ta Multi-Door a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha.

Batun jin nauyi kuwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa maganar. Ka fara da ita. Sashen rabon riba da asara ma ku nuna wa malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Kada ka je wurin lauya kai kaɗai ka dawo musu da takarda ka ce su sa hannu. Ku zauna ku uku ku tsayar da magana da Hausa, sannan ku je tare, kamfani ya biya kuɗin aikin. Ku ce masa ya daidaita dokokin da ke CAC da sabuwar yarjejeniyar, domin in suka ci karo za ku sha wahala a kotu, ya kuma biya harajin hatimi. Kowa ya tafi gida da kwafinsa mai sa hannu.