Amsa: fostar matakan Hajji mai motsi

Ɗan'uwa, ka ce fostar da ka zana wa alhazanmu a Makka ta cika da rubutu, da ka sa mata motsi kuma sai ta ƙara rikicewa. Gyara tsarin tukuna.

Ja layi guda na kwanaki: 8 ga Zul-Hajji Mina, 9 Arfa, daren kuma Muzdalifa, 10 jifa. Kowane zango launi ɗaya, alama ɗaya, kalmomi kada su wuce bakwai. Ka tuna da dattijuwar da za ta duba a waya cikin tsakar rana: fari a kan rawaya ba za ta gani ba, sa mata baƙi a kan fari.

Don WhatsApp, girman ya zama faɗi pixel 1080, tsawo pixel 1920. Abu ɗaya ya shigo cikin rabin daƙiƙa, ya tsaya daƙiƙa uku kafin na gaba, domin ido na bin motsi ne ya bar karatu.

Duba ɗ, ƙ da ɓ, wasu salon rubutu kan mai da su akwatuna; Noto Sans na da su. Larabci kuwa, a tsofaffin After Effects (manhajar sa wa zane motsi) haruffansa kan rarrabu sai ka kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya.