Shamfu Huɗu Na Canza, Ƙaiƙayin Na Nan: Wanne Zan Saya?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekara guda ke nan ina fama. Duk ranar da na wanke kai, bayan kwana ɗaya ko biyu sai fatar idona ta kumbura, bayan kunnena da wuyana su yi jawur, ga ƙaiƙayi kamar in yage fatar. Shamfu huɗu na canza. Na ƙarshen ma an rubuta "hypoallergenic" a jikinsa, wai ba ya tayar da fata, amma ba ta canza zane ba. Don Allah wanne zan saya in huta?

Amsa: Sannu da fama, ƙanwata. Ba zan ba ki sunan kamfani ba, domin kamfanoni kan sauya haɗinsu kwalba tana nan yadda take, kuma abin da ya karɓi wata ke yana iya tayar miki da bori. Amma a wasiƙarki akwai abu biyu da suka fi sunan kowane shamfu amfani: lokacin da abin ke tashi, da wurin da yake tashi.

Ta hanya biyu shamfu ke cutar da fata. Ta farko kaifi ne kawai. Sinadarin da ke yin kumfa ya kwashe maiƙon da ke kare fata, sai mutum ya ji raɗaɗi tun yana wankin ko jim kaɗan bayan ya gama, kai ya bushe ya ɗaure. Wannan kowa yana iya gamuwa da shi in shamfun ya yi ƙarfi. Ta biyu kuwa garkuwar jiki ce ta ƙulla gaba da wani sinadari guda. Ita ba ta nuna kanta nan take, sai bayan awa 24 zuwa 72, kuma ɗan mitsitsi ya ishe ta. Sau da yawa ma fatar kan ba ta nuna komai, saboda tana da kauri. Wuraren da ruwan ɗauraya ya bi su ke shan wuya: fatar ido, gefen fuska, bayan kunne, wuya. Kin ga bayaninki ya fi kama da wannan ta biyun. Shi ya sa canjin bai yi miki rana ba. Mai yiwuwa duk huɗun abu ɗaya ne a cikinsu, launin kwalba ne kawai ya bambanta.

Wannan kalma ta "hypoallergenic" kuwa, kada ta ruɗe ki. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta taɓa kafa ƙa'ida a 1975 cewa sai kamfani ya kawo hujja kafin ya rubuta ta. Kamfanoni suka kai ƙara, daga baya kotu ta soke ƙa'idar. Tun daga nan ba ta da wani ma'auni na doka a can, abin da kamfani ya ga dama shi take nufi. Don haka ki bar gaban kwalba, ki juya bayanta inda aka jera abin da ke ciki da ƙananan baƙaƙe. Sunayen ba su da daɗin karatu, amma ba sai kin iya furta su ba, ki dai gane su in kin gan su.

Na farkon da zan zarga shi ne ƙamshi. Ana rubuta shi "fragrance" ko "parfum", kuma kalmar nan ɗaya tana iya ɓoye gomman sinadarai. Tarayyar Turai ta daɗe da tilasta wa kamfanoni bayyana sunayen guda 26 daga cikinsu waɗanda aka san suna tayar da fata, kamar limonene da linalool da geraniol, a 2023 kuma ta ƙara wasu da dama. A nan akwai wani tarko: "unscented" na nufin ba za ki ji ƙamshi ba, amma yana yiwuwa an zuba wani turaren don ya danne warin sauran sinadaran. Wanda kike nema shi ne "fragrance-free", shi ma ki duba bayansa ki tabbatar.

Na biyu su ne magungunan hana ruɓewa, don duk abin da ke da ruwa a ciki sai an sa masa su. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne methylisothiazolinone, da ɗan'uwansa methylchloroisothiazolinone. Ya yi ɓarna har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta ayyana shi a matsayin sinadarin da ya fi ɗaukar hankalinta a 2013, Turai kuma ta haramta shi a kayan shafawa da ake bari a jiki daga 2017. A abin da ake ɗaurayewa kamar shamfu rage adadinsa kawai aka yi, to yana nan. Akwai kuma masu sakin formaldehyde a hankali, wani sinadarin hana ruɓewa da ke tayar wa wasu fata: DMDM hydantoin, quaternium-15, imidazolidinyl urea, diazolidinyl urea.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi, domin a cikin shamfun da ake kira mai laushi ya fi yawa: cocamidopropyl betaine. Daga man kwakwa ake samo shi, ba ya da kaifi, ga mafi yawan mutane lafiya lau ne. Amma wasu ba sa jituwa da shi, sai su guje wa mai ƙarfi su faɗa hannunsa.

Ki ɗauko kwalaben nan huɗu, in ba ki zubar ba, ki jera su ki ga wane suna ne ya fito a dukkansu. Sannan ki nemi wanda jerin kayansa gajere ne, babu ƙamshi, babu launi, babu wanda kike zargi. Ki sayi ƙaramar kwalba. Kafin ya hau kanki, ki shafa ɗan kaɗan a lanƙwasar hannunki ta ciki, ki bar shi kamar minti 5, ki ɗauraye. Sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10. In wurin ya yi ja ko ya fara ƙaiƙayi, kin samu amsa ba tare da idonki ya kumbura ba. Kuma kada ki canza shamfu da man kai da sabulun fuska a mako guda, in kin warke ba za ki san wane ne mai laifin ba.

Amma gaskiya, wadda ta shekara tana fama ta wuce lalube. Likitan fata yana da gwajin da ake manna sinadarai iri-iri a gadon baya, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Daga nan za ki fito da sunan abin da jikinki ya ƙi. In kina rinin gashi ki gaya masa, don sinadarin PPD da ke cikin baƙin rini ya fi kowane shamfu tayar da irin wannan kumburin. In kuwa wata rana leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba zancen sayayya ba ne, asibiti za ki nufa nan take.

Tambaya: Anti, 'yata mai shekara 5 fatarta ba ta son wargi. Shamfun jarirai zai wadatar? Ni ma zan iya amfani da shi?

Amsa: Maman yarinya, shamfun jarirai an haɗa shi ne don kada ya yi yaji a ido. Wannan daban, rashin tayar da fata daban. Da yawansu suna da ƙamshi, da yawansu kuma cocamidopropyl betaine ne ginshiƙinsu. Ki karanta bayansa kamar yadda za ki karanta na manya. In kin dace da marar ƙamshi, ya yi mata, ke ma zai yi miki, sai dai ba lallai ya fitar da man kai mai nauyi a wanki ɗaya ba. Abu guda zan ja kunnenki a kai: in kika ga wani wuri a kanta ya yi zagaye, yana ɓarewa, gashin wurin yana karyewa, ki yi zargin makero. Shi ba shamfu ke kashe shi ba, sai maganin sha daga likita.

Tambaya: Malama, ni namiji ne. Kaina na ƙaiƙayi, amosani na zuba a kafaɗata. An ce in sayi wanda babu sulfate. Na saya, abin sai ƙaruwa yake.

Amsa: Malam, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sodium lauryl sulfate, ɗaya daga cikin sinadaran da ke sa shamfu kumfa, yana da kaifi, har masu bincike da shi suke amfani in suna so su fusata fata da gangan a gwaji; sodium laureth sulfate ya fi shi sauƙi. Mai busasshen kai yana iya samun sa'ida in ya bar su. Amma kai ina jin matsalarka daban ce. Amosani mai maiƙo yana da alaƙa da wani nau'in yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, yana cin maiƙo. Shamfu mai sanyi da yawa ba ya kwashe maiƙon sosai, ka ga ka ƙara masa abinci ke nan. Ka nemi mai ketoconazole ko selenium sulfide, sau biyu a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauraye shi da wuri: ka cuɗa shi a fatar kan da tafin yatsu, ban da farce, ka bar shi minti 3 zuwa 5. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, mai zafi ƙara ƙaiƙayi yake. In wata guda ya wuce babu sauƙi, ko ɓawon ya yi kauri har ya sauko goshi, a duba ka, don akwai wasu cututtukan fata da ke shigar burtu da kamannin amosani.

Tambaya: Anti, wanda aka yi da tsirrai zalla fa? Ai ba zai cutar ba tunda babu sinadari.

Amsa: Ƙanwata, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya ma tsiro ne aka yi wa karin maganar. Man lavender, man tea tree, man na'a-na'a, man ɓawon lemo, duk ƙamshi ne a wurin fata, kuma limonene da linalool da na ambata a sama daga irinsu suke fitowa. Suna ƙara muni in kwalba ta daɗe a buɗe iska ta shige su. Mai lafiyayyar fata ta more su. Ke da fatarki ke saurin bori, kwalbar da ta jera tsirrai goma sha biyar ta ba ki abin zargi goma sha biyar ne, in ta tayar miki ba za ki san ta inda za ki fara nema ba.