Ƙwayar da haske ke lanƙwasawa: makunni ce ko inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. An koya mana cewa akwai ƙwayoyin sinadari da ke sauya siffa idan haske ya taɓa su, an kuma ce da irinsu ake ƙera injuna masu girman nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Shin duk ƙwayar da ta motsa saboda haske inji ce? Kuma ta yaya zan ga wannan sauyi a ɗakin gwaji?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a, mafi yawansu makunnai ne kawai. Bari mu fara da azobenzin, wadda aka fi yin aiki da ita.

Azobenzin zobba biyu ne na benzin, an haɗa su da zarra biyu na naitirojin masu ɗauri biyu a tsakaninsu. A cikin duhu tana miƙe, siffar da ake kira tarans. Idan hasken UV, wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango kusan nanomita 365 ya same ta, ɗaurin nan na tsakiya yakan saki na ɗan ƙiftawa, ƙwayar ta lanƙwashe zuwa siffar sis. Tazarar da ke tsakanin ƙarshenta biyu takan sauko daga kusan nanomita 0.9 zuwa 0.55. Shuɗin haske na wajen nanomita 450 yana mayar da ita, zafi ma haka, domin tarans ta fi sis kwanciya da kusan kilojul 50 a kowane mol. G. S. Hartley ne ya fara ware siffar sis a 1937.

Gwajin ba shi da wuya. Narka azobenzin a metanol ko asetonaitiril, ƙarfinsa kamar maikuromola 20 zuwa 50, ka zuba a kubet (ƙaramin mazubin awon haske) na kwaz mai faɗin santimita 1. Kada ka yi amfani da na roba ko gilashi na gama-gari, suna shanye hasken UV. Auna yadda ruwan ke shan haske tun yana cikin duhu: a layin da na'urar awon ta zana za ka ga babban tudu wajen nanomita 320 da ƙaramin tudu wajen 440. Haska shi da fitilar LED ta 365 na daƙiƙa 10 zuwa 30, ka sake aunawa, ka maimaita. Babban tudun zai riƙa sauka, ƙaramin yana ɗan hawa, har layin ya daina motsi. Ka sa tabarau mai tare UV.

A nan ɗalibai ke ruɗewa. Tsayawar layin ba ta nufin duk ƙwayoyin sun koma sis. Siffofin biyu duk suna shan hasken 365, saboda haka wasu na lanƙwashewa wasu na miƙewa, sai a kai matakin da tafiya da dawowa suka yi daidai. Idan kana son sanin ainihin kason kowace siffa, sai ka je ga na'urar NMR, mai gano tsarin ƙwayoyin sinadari da maganaɗisu. Ka kuma lura ko duk layukan da ka auna sun ratsa ta ɗigo guda. Idan sun kauce masa, to wani abu na lalacewa, ba sauyin siffa kaɗai ake yi ba. Ruwa mai kauri da yawa ma matsala ne, domin ƙwayoyin gaba sukan shanye hasken kafin ya kai na baya. Wanda ya bar samfurinsa a buɗe ƙarƙashin fitilar ɗaki kuwa, ya mayar da sis ɗinsa tarans da hannunsa.

Sai batun inji. Makunni yana zuwa ya dawo ta hanya ɗaya, don haka duk aikin da ya yi a tafiya sai ya warware shi a dawowa. Kamar mai jan guga ne da ya ja igiya kamu ɗaya ya saki kamu ɗaya: hannu na ta motsi, guga na nan inda yake. Ga kuma wata matsala a wannan ƙanƙanta, ƙwayoyin ruwa suna ta dukan ƙwayar ta ko'ina ba tsayawa, nauyi da yunƙuri ba su da wani tasiri. Don haka aikin mai ƙera inji shi ne toshe hanyar baya.

Ben Feringa na Jami'ar Groningen a Holan ya nuna yadda ake yi a 1999. Ƙwayarsa ɓangare biyu ce da ɗauri biyu na kabon ya haɗa, kuma ɓangarorin sun cunkushe har suka murɗe, ba su iya kwanciya a shimfiɗe. Zagaye guda mataki huɗu ne. Haske ya juya ɗaurin, ƙwayar ta faɗa siffa mai takura. Zafi ya sa ɓangare ɗaya ya zame ta kan ɗaya, takurar ta sauka. An yi digiri 180 ke nan. Haske kuma, zafi kuma, an cika 360. Matakin zafin shi ne sirrin, domin gangara ce da ƙwayar ba ta hawowa, kuma ƙananan ƙungiyoyin metil guda biyu, ɗaya a kowane ɓangare, da ke zaune a kan kabon mai hannun dama ko hagu (wato mai siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu) su ke zaɓar wajen da za a juya. Injin farko sai da aka ɗumama shi zuwa digiri 60 na ma'aunin Salshiyas kafin ya kammala zagaye. Matakin zafin ne ke ƙayyade sauri, shi ya sa aka yi ta rage cunkoson har aka kai juyi miliyan 12 a daƙiƙa a 2014. A 2006 an zuba irin waɗannan injuna cikin ruwan kiristal, wato ruwan da ƙwayoyinsa ke jere cikin tsari, suka juya wata 'yar sandar gilashi da ta fi su girma sau dubu goma. Feringa ya raba kyautar Nobel ta 2016 da Jean-Pierre Sauvage da Fraser Stoddart, waɗanda suka yi aiki a kan zobba masu sarƙe da juna da zobe mai zirga-zirga a kan sanda.

Kada wannan ya sa ka raina makunni. A ganina shi ya fi kusa da amfani, musamman wajen magungunan da ake kunnawa da haske a inda ake so. Cikas ɗin shi ne UV ba ya ratsa nama sosai kuma yana cutar da ƙwayoyin jiki, sannan wani sinadari da ke cikinsu, gulutatayon, na iya tsinka ɗaurin naitirojin ɗin. Sanya zarra huɗu na fulorin kusa da ɗaurin yana raba ƙananan tudun siffofin biyu, har koren haske ya iya yin aikin UV, siffar sis kuma ta daɗe kusan shekara biyu kafin rabinta ya koma.