Amsa ga mai tambaya kan 'yar tsuntsuwar Dagona

Ɗan'uwa, ka ce ka ga 'yar tsuntsuwa a kan bagaruwa a Dagona, mafakar tsuntsaye ta jihar Yobe, kana kyautata zaton Yellow-browed Warbler ce, hoton ya fito dishi-dishi, aka ƙaryata ka. Wallahi duk mai fita daji ya san ciwon nan. Wanda yake kwance a ɗaki, ko kiyashi bai cije shi ba, shi zai fara rubuta "a intanet ka ɗauko", saura su bi da dariya. Babu mai tambayar me ka gani a fuffuke, ko wane kuka ta yi. Irinsu ne ke sa sababbin shiga su daina turo komai.

Sai dai shakkar ma da hujjarta. Ita Yellow-browed a Saibiriya take hayayyafa, ta ci sanyi a kudu maso gabashin Asiya, nesa da nan. 'Yar'uwarta Willow Warbler kuwa duk hunturu tana nan yankinmu, kuma suna kama. Abin dubawa a jikin Yellow-browed: layi biyu masu haske a fuffuke da doguwar gira mai ruwan ɗorawa. Willow ba ta da layin fuffuke ko ɗaya.

Koma gindin bishiyar da asuba, baƙi irinta kan yi kwanaki wuri guda in akwai ƙwari. Sa saurin shata (saurin ƙiftawar kyamara) 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, tsuntsuwa mai giram 6 ba ta zama. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya kai 3200 ma ba laifi. Fokas, wato inda kyamara ke sa ido, ɗigo ɗaya, in ba haka ba kyamara ƙaya za ta kama ta bar tsuntsuwar. Farin hazo yana ruɗa kyamara ta mai da tsuntsuwar baƙa, ƙara haske +1. Ɗauki da yawa a jere, ta gefe, don fuffuken ya fito.

Kuka ma hujja ce, wani lokaci ya fi hoto. Naɗa da waya daƙiƙa 30, siriri ne, "tsuwit", yana hawa sama. Amma don Allah kar ka kunna mata kuka a lasifika, ta sha tafiya.

Af, kar ka goge hoton farko! Kuma kar ka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya share kwanan wata da bayanan kyamara, tura shi a matsayin fayil. Rubuta siffarta kafin ka buɗe littafi, don zane na cika ido ka ga abin da babu. Ɗauki wurin da GPS, ja mutum na biyu ya gani, sannan ka shigar a eBird ko BirdLasser, manhajojin rubuta tsuntsayen da aka gani. Masu tantancewa za su nemi bayani, aikinsu ne, ka cike musu. Masanan APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye da ke Jos, ma a tura musu.