Tambaya da Amsa: A Gyara Tsohon AC Ko a Sayi Sabo?

Da hunturu ya ja jiki, zafin bazara ya kunno kai, wasiƙun da ke shigowa wannan fili sukan koma kan abu ɗaya, wato AC. Mun zaɓo huɗu daga cikinsu, mun miƙa wa ma'aikatanmu da suka ƙware a kan na'urorin sanyi, ga amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. AC ɗina mai hos ɗaya da rabi ne, shekararsa 11, gas ɗinsa R22. Bara sau biyu aka zuba masa gas, ya yi sanyi na wata guda ya koma hura iska kawai. Yanzu mai gyara ya ce kwamfuresa ce ta yi rauni, sai an canza ta. In gyara ne, ko in haƙura in sayi sabo? — Wani magidanci daga Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu zo kan kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas a cikin injin waje, akwai maganar da muke so ta zauna a zuciyar kowane mai AC: gas ba ya ƙarewa. Ba fetur ba ne da inji ke ƙonawa. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu tsakanin kan ciki da injin waje, shekara da shekaru. Idan ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Duk wanda ya zuba maka gas sau biyu bai nemi ɓular ba, ruwa ya zuba maka a rariya, kuma da kuɗinka.

Wannan sakacin ne sau da yawa yake kashe kwamfuresa. Gas mai sanyi da ke dawowa ta babban bututu shi ne yake sanyaya ta. Idan ya yi ƙaranci sai ta riƙa aiki da zafi, ga shi kuma man da ke cikinta yana bin gas ɗin yana fita ta ɓular. Shi ya sa wurin da ke yoyo yakan yi maiƙo, ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Ka leƙa wajen notocin nan biyu da ke gefen injin waje, da mahaɗar bututu a bayan kan ciki. Nan ne yoyo ya fi yawa, kuma gyaransa mai sauƙi ne: a yanke bakin bututun, a sake buɗa shi, a ɗaure.

Kada ka yarda da "ta yi rauni" da baki kawai. Ka sa ya auna a gabanka. Ya maƙala mitar auna ƙarfin wuta a wayar kwamfuresa, ya kwatanta da abin da aka rubuta a farantin da ke jikin injin waje. Mai hos ɗaya da rabi yakan ja kamar amfiya 5 zuwa 6. Sannan ya ɗaura agogon gas. A R22, idan komai lafiya, allurar takan tsaya wajen 60 zuwa 70 lokacin da injin ke aiki. Idan allura ta yi ƙasa, wutar da yake ja ita ma ta yi ƙasa, ga ƙanƙara ta taru a kan siririn bututu, gas ne ya ragu. Idan kuwa allura ta haura sama sosai amma wutar da yake ja ba ta kai ba, kuma babu sanyi, a nan ne za a ce kwamfuresa ta daina matsa gas yadda ya kamata. Idan ta ƙone ne, akwai tsinke uku a kanta. A kashe wuta, a cire wayoyin, a auna tsakaninsu, a kuma auna tsakanin kowanne da jikin ƙarfen. Muddin wuta na bi zuwa jiki, ta mutu.

To, idan ta tabbata kwamfuresar ce, shawararmu gare ka ita ce ka sayi sabo. Canza kwamfuresa ba cire wannan a sa wancan ba ne kawai. Sai an yi walda, an wanke bututun idan tsohuwar ƙonewa ta yi (man da ya ƙone yana zama asid, ya cinye sabuwar), an toshe ɓular, an zuƙe iska, an sake zuba gas daga farko. Idan ka haɗa kuɗin nan duka yakan doshi rabin kuɗin sabo, alhali fankar, da kwandensa (bututun da ke fitar da zafi a injin waje), da sauran kayan duk suna nan da shekarunsu 11. Ga kuma yawancin kwamfuresar da ake samu ta R22 a kasuwa ta hannu ce, babu mai ba ka tabbacin kwana nawa za ta yi.

Shi kansa R22 yana kan hanyar fita. Yana cikin sinadaran da ke lalata rufin sararin samaniya mai kare mu daga hasken rana mai cutarwa, waɗanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tanadi a daina amfani da su. Najeriya da Nijar duk sun sa hannu, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa shi ne 2030. Kullum zai ƙara wuya da tsada, jabu kuma zai ƙara yawa. Kada kuma wani ya ce zai zuba maka gas ɗin R410A a madadinsa. Matsinsa ya fi na R22 da fiye da rabi, man da suke tafiya da shi ma ba iri ɗaya ba ne.

Amma idan awo ya nuna kwamfuresar lafiyarta ƙalau, yoyon kuma a noti yake, ka gyara. Zai iya ƙara kai ka wasu bazarori kafin ka shirya.

Tambaya: AC ɗina shekararsa 4 kacal. Idan na kunna, injin waje sai ya yi gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru, can ya sake. Kan ciki kuma yana ɗigar da ruwa a kan kafet. An ce mini ya gama yayi. — Wata uwargida daga Kano

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, da wuya a ce AC mai shekara 4 ya gama yayi. Abin da kika kwatanta ya fi kama da kafasita. Wani ɗan gwangwani ne kamar na maltina a cikin injin waje, shi yake ba kwamfuresa ƙarfin tashi. Idan ya mutu sai ta yi ta yunƙuri ta kasa juyawa, ta yi zafi, abin kariyarta ya yanke wuta, in ta huce ta sake gwadawa. Gurnani da shirun da kike ji ke nan. Sau da yawa da ido ma ana ganewa, saman gwangwanin yakan kumbura ko ya tsatso mai. Yana cikin kayan AC mafi arha, kuma canza shi bai wuce minti 20 ba. A sa mai lamba daidai da na da. Idan an rubuta 35 a jiki, 35 za a sa, ba "abin da aka samu" ba. Kuma a bar wa mai gyara wannan aikin, don kafasita yana riƙe wuta ko bayan an kashe soket.

Ki daina kunna shi har a duba. Kowane gurnanin nan yana gasa wayoyin cikin kwamfuresa, ƙaramin gyara ya zama babba. A kuma auna wutar gidan. AC na son 220 zuwa 240. Idan wutar unguwarku takan faɗi ƙasa da 190 da yamma, ko kafasita sabo ne haka zai riƙa yi, maganinsa stabilaiza mai ƙarfin da ya dace, da na'urar da ke jinkirta tashi na minti 3 idan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Ɗigar ruwa kuwa datti ne. Ƙurar hunturu takan taru a tiren da ke ƙarƙashin kan ciki, ta haɗu da ruwa ta zama taɓo, ta toshe tiyon da ke fitar da shi waje. A busa tiyon, a wanke tiren. Ragar nan biyu da ke bayan murfi ke ma za ki iya zare su ki wanke da ruwa, su bushe a inuwa, duk mako biyu a lokacin ƙura. Injin waje kuma a wanke haƙarƙarinsa da ruwa mara ƙarfi sosai kafin zafi ya shigo. AC da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa a Kano wanka kawai suke buƙata. Bayan an gama, ki sa ma'aunin zafi a inda iska ke shiga da inda take fita. Bambancin digiri 8 zuwa 12 alama ce ta lafiya.

Tambaya: AC ɗina yana aiki lafiya, shekararsa 6, amma kuɗin wuta ya ishe ni, muna layin Band A. Abokai suna ta cewa in sayar in sayi mai inbata. Da gaske ne zai rage mini? — Wani ma'aikaci daga Zariya

Amsa: Zai rage, Malam, amma ka yi lissafi da alƙalami kafin ka fitar da kuɗi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin Band A (layin da ya fi samun wuta) naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Mu ɗauki wannan farashin a matsayin misali. AC mai hos ɗaya da rabi wanda ba inbata ba yana cin kusan yunit 1.2 a awa ɗaya idan kwamfuresa na aiki. Awa 8 a dare ya kama kusan yunit 10, wato naira 2,000 da 'yan kai, a wata kuma sama da naira 60,000. A ce mai inbata ya rage maka kashi ɗaya cikin uku, ka tsira da kimanin naira 20,000 a wata. Ka ninka da watannin da kake kunna AC da gaske a shekara, ka raba kuɗin sabon da abin da ya fito. Shekarun da zai ɗauka kafin ya biya kansa ke nan. Mita tana gidanka, don haka ka duba yunit da dare ka sake dubawa da safe, ka yi aiki da lambarka ba tamu ba.

Dalilin ragin shi ne mai inbata ba ya kashewa ya kunna. Idan ɗaki ya yi sanyi sai ya rage gudu ya ci gaba a hankali. Wannan na nufin idan ɗakin bai taɓa kaiwa sanyin da ka saita ba, ba zai rage gudun ba, ragin kuma ya tafi. Ɗaki mai rufin kwano babu silin kirki, taga tana kallon yamma babu labule, ƙasan ƙofa a buɗe, rimot a kan 16, ko wane iri ka sa zai sha wuta. Ka fara da waɗannan. Ka mai da rimot 24 ko 25, ka haɗa da fankar sama, ka ga abin da mita za ta ce a mako guda.

Inda ba ma jayayya shi ne idan kana da sola ko ƙaramin janareta. Wanda ba inbata ba yakan fizgi wuta ninki uku zuwa biyar a lokacin tashi, mai inbata kuwa a hankali yake hawa. Rauninsa ɗaya ne, allon lantarkin da ke cikin injin waje. Wuta mai hawa da sauka tana ƙona shi, tsaka ma takan shiga ta kwanta a kai ta haɗa wuta, kuma yana da tsada. Kada ka kafa shi babu na'urar kariya.

Tambaya: Kuɗin sabo ya fi ƙarfina. Na hannu da ake kawowa daga waje fa? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Alhaji, idan naka yana gyaruwa, ka gyara shi. Ka san tarihinsa, na hannu kuwa ba ka san abin da ya sa mai shi ya rabu da shi ba. Idan dole ce, ka duba farantin jikinsa: irin gas, shekarar ƙira, da ƙarfin wuta, don akwai na ƙasashen da ke amfani da 100 ko 120, irin su Japan da Amurka. Ka guji R22. A haɗa shi a kunna a gabanka na rabin awa, a auna.

Sabo ne ko na hannu, ka nemi alamar T1 ko T3. An gina T1 don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 kuwa yana jurewa har 52. Wanda ya san Afrilu a Maraɗi, Sakkwato ko Maiduguri ya san wanne ne namu. Girma kuma ya dace da ɗaki: hos ɗaya ga ɗakin kwana mai kamar ƙafa 12 sau 12, ɗaya da rabi ga wanda ya fi haka, biyu ga falo. Injin waje a sa shi a inuwa, a bar masa aƙalla ƙafa ɗaya tsakaninsa da bango.

Ranar kafawa ka tsaya a wurin. Kafin a saki gas, dole a ɗaura injin zuƙe iska a kan bututun na minti 15 zuwa 30, a rufe, a ga allura ba ta motsa ba. Masu gaggawa sukan ɗan saki gas ya yi "fuu" su ce ya kori iskar. Danshin da ya rage a ciki yana haɗuwa da man R410A da R32 ya lalata kwamfuresa a hankali. Idan za a ƙara gas, a auna shi a sikeli daidai da giram ɗin da aka rubuta a faranti. Gwajin yoyo da iskar naitirojin ake yi, kada ka taɓa bari a sa iskar oksijin ta masu walda, don haɗuwarta da mai tana fashewa. R32 kuma yana iya kama wuta, saboda haka ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an fitar da gas ɗin duka, tagogi kuma a buɗe.