Yi musu waƙar da za su gani a ƙofar gida

Malama, kin tambayi yadda za ki koya wa ƙananan yara lokutan shekara da waƙa da hoto a garin Garwa na arewacin Kamaru. Ki fara ajiye littattafan nan masu hoton dusar ƙanƙara, yanayin Faransa ne. Namu damina, kaka, hunturu da bazara.

Ki tsara baiti biyu kacal ga kowane lokaci, da amshi da tafi. Misali: Shamuwa ta dawo, ruwa ya kusa. Kogin Binuwai ya cika wajen Agusta, ya janye da rani ya bar yashi.

Hoto kuwa, su zana da kansu. Ni dai gawo na fi so: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Su zana shi sau biyu, ki tambaye su wanne ne na damina.